Injin Ɗumama Gida a Yankin Laima: Tambayoyi da Amsoshi kan Gyara, Kuɗi da Zaɓi

Wannan shafi domin masu zama a kudu maso gabashin Amurka ne, irin su Fulorida, Jojiya, Alabama, Luwiziyana da gaɓar tekun Tekzas, inda sanyi gajere ne, laima kuwa ba ta ɗagawa. Injin da ake magana a kai shi ne wanda ke ƙona gas ya hura iska mai ɗumi ta bututu zuwa ɗakuna, wanda a can ake kira fanes. Kuɗaɗen da aka ambata da dala ne, kuma kimantawa ce, domin farashi yana bin gari da kamfani da lokacin da aka kira mai gyara.

Injina bai wuce wata uku yana aiki a shekara ba. To me ke lalata shi?

Ruwa. A ƙasar sanyi aiki ne ke gajiyar da inji, a yankin laima kuwa zama ne ke cinye shi. A mafi yawan gidaje, kwayil ɗin AC, wato tarin siraran bututun da ke sanyaya iska, a kan injin ɗumin ake ɗora shi ko a gefensa, kuma fanka ɗaya ke yi musu aiki. Wata bakwai ko takwas AC na gudu, kwayil na tatsar ruwa daga iska, galan da dama a kowace rana. Da zarar tiren da ke ƙarƙashinsa ya tsage ko magudanarsa ta toshe, ruwan a kan injin zai sauka: kan ƙarfen musayar zafi, wato wanda wuta ke zafafawa iskar gida ta ɗauki ɗuminsa, kan bakunan wuta, wani lokaci har kan allon lantarki.

Ko babu yoyo, akwai zufa. Jikin injin yana ɗaukar sanyin kwayil ɗin da ke manne da shi, iskar saman silin ko ta gareji kuma cike take da laima, sai ruwa ya taru a kan ƙarfen kamar yadda gorar ruwan sanyi ke zufa da rana. Bututun hayaƙi ma ƙofa ce a buɗe, iskar waje tana shigowa ta nan duk tsawon lokacin zafi. Daga nan tsatsa ta fara, bakin wayoyi ya yi kore, sandar jin wuta, wadda ke tabbatar da cewa gas ya kama, ta yi datti. Ga ƙwari kuma: zanzaro na gina ɗakinsa na laka cikin bututun hayaƙi, gizo-gizo na yin saƙa cikin ramukan fitar gas.

Shi ya sa masu gyara ke shan kira a daren farko da sanyi ya sauka. Wanda ya kunna injinsa na minti 15 a watan Oktoba, tun ana cikin zafi, zai gano matsalar a lokacin da layi bai yi tsawo ba kuma babu kuɗin gaggawa.

Yaya zan gane inda matsalar take?

Injin yana tashi ne daki-daki, kuma duk inda ya tsaya, laifin yana kusa da nan. Ka tsaya kusa da shi, wani ya ɗaga tamostat, wato na'urar bango da ake saita ɗumin gida da ita, ka saurara.

Da farko tamostat na aika wutar bolt 24 zuwa allon lantarki. Sai ƙaramar fankar hayaƙi ta tashi, tana jan iska ta cikin ƙarfen musayar zafi zuwa waje. Akwai suwicin matsin iska mai siririn tiyo na roba, wanda ke tabbatar da cewa iskar na tafiya. Idan ya gamsu, ƙyastun lantarki zai yi ja cikin daƙiƙa 15 zuwa 45. Bawul ɗin gas ya buɗe da ɗan ƙara, wuta ta kama. Sandar jin wuta tana da 'yan daƙiƙu kaɗan ta shaida wa allon cewa wutar ta kama, in ba haka ba a rufe gas. Bayan rabin minti zuwa minti guda, babbar fanka ta fara hura ɗumi cikin gida.

Idan babu motsi ko kaɗan, matsalar lantarki ce. Idan ƙaramar fanka tana juyawa amma ƙyastu bai yi ja ba, ko dai suwicin matsi bai rufe ba, ko ƙyastun ya ƙone. Idan ya yi ja amma babu wuta, a nemi laifin a gas. Yawancin injuna in sun gwada sau uku ba su yi nasara ba sukan kulle kansu na kusan awa ɗaya. Akwai ɗan fitila a kan allon da ke ƙiftawa da ƙidaya, fassarar ƙidayar kuma tana manne a bayan murfin injin. Ka ƙirga kafin ka kashe wuta, domin kashewa na iya goge ta.

Nawa gyara ke ci?

Zuwan mai gyara da bincike kaɗai kan kama daga dala 75 zuwa 200, kuma da dare ko ƙarshen mako yana iya ninkawa. Wasu kamfanoni suna cire wannan daga kuɗin aiki in an amince su yi gyaran. Ka tambaya tun a waya.

Ƙananan gyare-gyare su ne mafi yawa. Goge ko sauya sandar jin wuta kimanin dala 80 zuwa 250 ne. Ƙyastu 150 zuwa 400, alhali shi kansa kayan sau da yawa bai kai dala 100 ba. Sauran kuɗin tafiya ne da aiki da ribar kamfani. Kafasita, wato abin da ke taimaka wa motar fanka tashi, da suwicin matsi su ma a wannan sahu suke, tsakanin 100 da 350.

Na tsakiya sun haɗa da allon lantarki da bawul ɗin gas, kowanne kimanin 300 zuwa 800, sai ƙaramar fankar hayaƙi da ke kamawa daga 400 zuwa sama da 1,000. Motar babbar fanka ta danganta da irinta. Tsohuwar mai kafasita tana tsayawa a 400 zuwa 800, sabuwar mai allon lantarki a jikinta, wadda ake kira ECM, tana iya haura 1,500. Tun daga 2019 ƙa'idar tattalin wuta ta sa kusan duk sabon inji da irin wannan mota yake zuwa. Motar ba ta cin lantarki sosai, amma ba ta jure tsawa da hawa da saukar lantarki, kuma jihohin da ke bakin Tekun Meziko ba su da ƙarancin tsawa. Na'urar kariya daga tsawa a kan akwatin bireka ta fi sabuwar mota araha nesa ba kusa ba.

Babban gyara ɗaya ne: ƙarfen musayar zafi, dala 1,000 zuwa 3,000, domin sai an kwance injin kusan gaba ɗaya. Sabon inji da kuɗin dasawa yawanci yana tsakanin 3,500 da 8,000.

Me zan iya dubawa da kaina kafin in kira?

Batirin tamostat. Suwicin da ke gefen injin, wanda ya yi kama da makunnin fitila har akan kashe shi bisa kuskure. Bireka. Murfin injin, domin in bai zauna daidai ba akwai maɓallin da ke yanke wuta. Ɗan fis na amfiya 3 ko 5 a kan allon, irin na mota.

Sai abu biyu da suka fi yawa a yankin laima. Na farko filta: wadda ta jiƙe ko ta toshe tana hana iska wucewa, injin ya yi zafi fiye da kima, suwicin kariya ya kashe wuta, fanka ta ci gaba da hura iska mai sanyi. Filta mai kaurin inci 1 ana sauya ta duk wata ɗaya zuwa uku, mai inci 4 kuwa tana kai wata shida zuwa shekara. MERV lamba ce da ke nuna ƙarfin tacewar filta, 8 zuwa 11 ta wadatar wa yawancin gidaje. Mai lamba 13 a kauri inci 1 tana iya shaƙe tsohon inji. Na biyu suwicin ruwa, wanda ke cikin tire ko a kan magudana. In ruwa ya taru yana ɗaga shi, kuma a gidaje da yawa an haɗa shi yadda zai kashe komai, har da ɗumi da fuskar tamostat. Tamostat da ya yi duhu ba gaira ba dalili sau da yawa magudana ce ta toshe.

Abin da ba na mai gida ba ne: bawul ɗin gas, daidaita matsin gas, da duk wata dabarar haɗe wayoyi don tsallake suwicin kariya. In ka ji warin gas mai ƙarfi, kada ka taɓa makunni, ka fita da iyali, ka kira kamfanin gas ko 911 daga waje.

Wuta na kamawa, bayan daƙiƙa biyar ta mutu. Babbar matsala ce?

Yawanci a'a. Sandar jin wuta ce ta yi datti. Siririn ƙarfe ne mai waya ɗaya, a gaban bakin wuta na ƙarshe. Wutar lantarkin da ke bi ta cikinta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, maikuro'amfiya 1 zuwa 6, don haka ɗan tsatsa ya isa ya yanke ta. A kashe wutar injin, a kwance noti ɗaya da ke riƙe da ita, a goge ƙarfen da lallausan soson ƙarfe, a share da busasshen ƙyalle, a mayar. Kada a murɗa farin tangaran da ke gindinta. In ya tsage sai sabuwa. In an goge matsalar ba ta tafi ba, mai gyara ya duba wayar ƙasa ta injin, domin tsatsa a inda aka ɗaure ta tana haifar da alama iri ɗaya.

Na ga ruwa a ƙasan injin.

A wane lokaci? In lokacin zafi ne, ruwan AC ne. Magudanarsa farin bututun PVC ne mai faɗin inci uku bisa huɗu, kuma gansakuka da yauƙi ke toshe shi. Ana zuƙe shi daga bakin waje da injin shara mai jan ruwa, sannan a riƙa zuba kofi guda na ruwan kal ta bakin dubawa duk wata ɗaya ko biyu. A guji bilic a kusa da injin. Tururin kulorin in ya shiga wuta yana zama asid, ya ci ƙarfen musayar zafi. Haka ma ajiye maganin wurin iyo ko fenti a ɗakin da injin ke shaƙar iska.

In lokacin sanyi ne, ka dubi bututun hayaƙinka. In na roba ne, injinka mai tattalin gas ne na kashi 90 zuwa sama, kuma irin wannan dama yana fitar da ruwa, kusan lita 3 a awa ga inji mai ƙarfin BTU 100,000, BTU kuwa ma'aunin zafi ne. Ruwan mai asid ne, yana bi ta wani ɗan tarko kafin ya fita. Tarkon in ya toshe, ruwa ya koma cikin ƙaramar fanka, suwicin matsi ya ƙi rufewa. Sau da yawa ana sauya suwicin alhali lafiyarsa lau, tarkon ne ke son wanki. Bututun hayaƙin kuma dole ya karkato zuwa injin da rubu'in inci a kowace ƙafa, in ba haka ba ruwa ya kwanta a tsakiyarsa.

In bututun na ƙarfe ne kuma yana ɗiga da sanyi, wannan ba daidai ba ne. Ko ruwan sama ke shiga ta hular da ta lalace, ko hayaƙin yana hucewa kafin ya fita. A kira mai gyara.

An ce ƙarfen musayar zafi ya tsage, a sauya inji yau. In yarda?

Ka ɗauki maganar da muhimmanci, amma ka nemi hujja. Wannan ƙarfe shi ne katanga tsakanin hayaƙi da iskar da iyali ke shaƙa. In ya huje, kabon monoksaid na iya shiga gida, gas ne marar wari marar launi, yana kisa. A yankin laima hujewar tsatsa gaskiya ce, ba ƙage ba. Sai dai kuma babu maganar da ta fi wannan saurin sayar da sabon inji.

Mai gyara na ƙwarai zai nuna maka tsagar da kyamara a cikin injinka, ba hoton da ke wayarsa tun jiya ba. Zai auna hayaƙin da na'ura ya faɗa maka lamba. Zai iya nuna maka yadda harshen wuta ke rawa ko ya leƙo waje daidai lokacin da babbar fanka ta tashi. In ya kashe gas ya manna jan tikiti, ka bar injin a kashe, ka kira wani kamfani ya sake dubawa. Kuɗin bincike na biyu kaɗan ne idan aka kwatanta da dubban daloli.

Ka kuma duba garanti. Kamfanoni da yawa suna ba wannan ƙarfe garantin shekara 20 ko fiye, sauran kaya shekara 10 in an yi rajista cikin kwana 60 zuwa 90 da dasawa, in ba a yi ba shekara 5. Garanti kaya yake biya, kuɗin aiki na wuyanka.

Ko da injin lafiya yake, a sa ƙararrawar kabon monoksaid a kowane hawa da kuma kusa da ɗakunan kwana. Tana da ranar ƙarewa a bayanta, shekara 5 zuwa 10.

Yaushe gyara ya zama asara?

Masu sana'ar suna da wani lissafin kan hanya: a ninka shekarun injin da kuɗin gyaran, in ya haura 5,000 a fara tunanin sabo. Inji mai shekara 8 da gyaran dala 400 ya ba da 3,200, a gyara. Mai shekara 16 da gyaran dala 900 ya ba da 14,400. Wannan ba doka ba ce, kuma a yankin laima akwai tambayar da ta fi ta nauyi: shekarun AC ɗinka nawa?

Injin ɗumi yakan kai shekara 15 zuwa 20, AC a wannan yanki kuwa yakan gaji tun a 10 zuwa 15, kusa da teku ma ƙasa da haka saboda gishiri. In AC ɗin mai gas ɗin sanyaya iska na R-22 ne, wanda aka daina kerawa da shigo da shi Amurka tun Janairun 2020, to duk tsarin ya tsufa. R-410A ma an daina kera sabbin na'urorin gida da shi daga farkon 2025, an koma R-454B da R-32. Wanda ya sauya injin ɗumi bana, ya sauya AC baɗi, ya biya kuɗin aiki sau biyu, kuma ya ɗaure kansa da gas ba tare da ya auna wani zaɓi ba. In AC ɗin sabo ne kuma injin ɗumin na buƙatar gyaran dala 600, a gyara.

In zan sayi sabo, na kashi 80 ko na kashi 95?

Lambar AFUE tana nuna kashi nawa na gas ɗin da ka saya ya zama ɗumi a cikin gida. Daga 80 zuwa 95 ana rage cin gas da kimanin kashi 16 cikin ɗari. A jihar da ake kashe dala 1,500 kan ɗumi a shekara, wannan kuɗi ne. Amma a ce naka dala 300 ne, abin da za ka tsira da shi bai kai dala 50 ba. In bambancin farashi da dasawa ya kai dala 1,200, sai ka haura shekara 20 kafin kuɗin ya dawo.

Ban da haka, na kashi 95 yana zuwa da nasa ɗawainiya: sabon bututun PVC, magudana, tarko, wani lokaci da famfon ruwa. In a saman silin yake, tarkon na iya daskarewa a daren da aka fi buƙatar ɗumi. In tsohon injin yana raba bututun hayaƙi da tukunyar ruwan zafi, cire shi zai bar tukunyar ita kaɗai da bututun da ya yi mata girma, hayaƙi ya huce ya koma ruwa, sai an saka wani siriri a ciki. Inda ya yi fice shi ne irin mai bututu biyu, wanda ke jan iskar ƙonawa daga waje, bai taɓa iskar gida.

A 2023 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta ce injunan gas na cikin gida da za a kera daga ƙarshen 2028 su kai kashi 95. Ƙa'idar kan masu kerawa take, ba ta tilasta wa kowa cire injin da ke gidansa.

Famfon zafi fa? Da gaske ya fi?

Ga yawancin gidajen yankin, shi ne zaɓin da ya kamata a fara aunawa. Famfon zafi AC ne mai iya juyawa: da zafi ya kwashe zafin gida ya kai waje, da sanyi ya ɗebo na waje ya shigo da shi. Tun da ba ƙirƙirar zafi yake ba, a digiri 47 na Faranhait, wato kusan 8 na Salshiyas, yana ba da kusan ninki uku na lantarkin da ya ci. Sanyin kudu kuwa mafi yawansa a wannan daira yake. Tun da dole ka sayi AC, ƙarin da za ka yi ya zama mai juyawa bai kai kuɗin injin gas ba.

Ga yadda za ka lissafa da takardun kuɗinka. Kamfanin gas yana sayarwa da ma'aunin tam, kowane ɗaya BTU 100,000, daidai da kilowat-awa 29.3 na lantarki. A ce tam dala 1.50 ne, lantarki kuma santi 15. Samun ɗumin BTU 100,000 da injin kashi 80 zai ci dala 1.88, da na kashi 95 dala 1.58, da famfon zafi mai ninki uku dala 1.47. Da hita ta waya zalla kuwa dala 4.40. Gas ɗin furofen, wato na tanki, mai BTU kusan 91,500 a galan, in galan dala 3 ne, zai kai dala 4.10 a injin kashi 80. Ka sa lambobinka a gurbin waɗannan. Kada ka manta da kuɗin mita da kamfanin gas ke karɓa kowane wata ko ba ka kunna komai ba. In injin ɗumi ne kaɗai mai gas a gidan, wata goma sha biyu kake biya don aikin wata uku.

Gas yana da nasa wuri. Iskarsa ta fi ɗumi a fata, kuma a arewacin Jojiya ko Alabama, inda dare ke sauka ƙasa da daskarewa akai-akai, mai injin gas lafiyayye zai iya haɗa biyun: famfon zafi ya yi aiki har zuwa kusan digiri 35 na Faranhait, ƙasa da haka gas ya karɓa.

Na'urar famfon zafi ta waje tana fitar da hayaƙi, ga ƙanƙara a jikinta. Ta ƙone ne?

Tururi ne. Kwayil ɗin waje ya fi iska sanyi, iskar yankin kuma tana ɗauke da ruwa, don haka ko a digiri 40 na Faranhait ƙanƙara na kama shi. Lokaci-lokaci, a wasu samfura duk minti 30, 60 ko 90, na'urar kan tsayar da fanka ta juya ta narkar da ita cikin minti 10 ko ƙasa da haka. Abin damuwa shi ne ƙanƙarar da ta lulluɓe na'urar ta ƙi narkewa har awanni: ko allon narkarwa ko sensa ya mutu, ko gas ɗin AC ya ragu, ko ruwan indararo yana zuba a kanta.

Abin da ke kumbura kuɗin lantarki shi ne wayoyin hita na taimako, masu kilowat 5, 10 ko 15, da ke cikin akwatin fanka. Tamostat da yawa suna kunna su in ka ɗaga ɗumi sama da digiri 2 a lokaci guda. A bar tamostat a wuri ɗaya, ko mai dasawa ya saita wayoyin kada su tashi sai waje ya yi sanyi sosai.

Babba bai fi ba, don kada ya gaza?

A nan aka fi yin ɓarna. AC ba ya fara zubar da ruwa sosai sai ya yi kamar minti 10 yana gudu. Wanda ya yi wa gida girma yana sanyaya ɗaki cikin 'yan mintuna ya mutu, laima tana nan. Gida ya yi sanyi amma jiki na danƙo, fumfuna ta fito a bayan kabad da bakin bututu. Ana so laimar cikin gida ta tsaya ƙasa da kashi 60, mafi kyau 30 zuwa 50, kuma ma'auninta ba shi da tsada.

Injin gas ma yakan yi girma saboda fankarsa. Kowane tan na AC, wato BTU 12,000 a awa, yana son iska kimanin CFM 400, wato ƙafa kubik 400 a minti, a yankin laima ana saukewa zuwa 350 don a ƙara tatsar ruwa. Sai a ɗauko inji mai BTU 80,000 don babbar fankarsa, alhali 40,000 sun ishi gidan. Ka nemi a yi lissafin da ake kira Manual J na ACCA, ƙungiyar masu aikin AC ta Amurka, wanda ke duba tagogi, rufi, fuskar gida da yoyon iska, a ba ka shi a rubuce. Wanda ya dubi tsohon injin ya ce a kawo irinsa bai yi lissafi ba. Na'ura mai mataki biyu ko mai sauya gudu tana daɗewa tana aiki a hankali, kuma wannan shi ne abin da laima ke buƙata.

Fankar tamostat a bar ta a AUTO. In aka sa ON, ruwan da ke kan kwayil zai koma iska bayan kwamfireso ya tsaya.

Hita mai gas marar bututun hayaƙi fa, tun da sanyin kaɗan ne?

Ƙona gas yana haifar da ruwa, kusan galan guda ga kowane BTU 100,000, kuma irin wannan hita a cikin ɗaki take sakin sa tare da hayaƙinta. Tagogi su yi zufa, bango ya jiƙe. A gidan da dama yake fama da laima, araha ba ta ado.

In wutar lantarki ta ɗauke, injin gas zai yi aiki?

Ba zai yi ba. Allo da ƙyastu da fankoki duk lantarki suke so, abin da mutane da yawa suka gane a sanyin Tekzas na Fabrairun 2021. Sai dai abin da yake ci ɗaruruwan wat ne kawai, ƙaramin janareto zai ɗauke shi in ma'aikacin lantarki ya saka suwicin sauya layi. Famfon zafi da wayoyin hita suna buƙatar babba. Janareto a waje ake ajiye shi, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da ƙofarsa a buɗe take.

Ambaliya ta shiga injin. In ya bushe zan iya kunnawa?

Kada ka kunna. Bawul ɗin gas da allo da suwicin kariya da suka nutse suna iya aiki yau su gaza gobe ta hanya mai haɗari, soson da ke cikin bangon injin kuma ya riga ya sha ruwan datti. Shawarar masu kerawa ita ce a sauya injin. Ka ɗauki hotuna da ke nuna inda ruwan ya tsaya domin inshora, kuma a ɗora sabon a kan dakali ko a kai shi sama.

Me ya kamata takardar farashi ta ƙunsa?

Lambar samfurin kowace na'ura, ƙarfinta, da lambobin AFUE ko SEER2 da HSPF2, masu nuna tattalin lantarki wajen sanyayawa da ɗumamawa. Mafi ƙarancin da aka yarda ga famfon zafi mai sashi biyu, na ciki da na waje, tun 2023 shi ne SEER2 14.3 da HSPF2 7.5. Izinin hukuma da duba aiki, da sunan wanda zai nemo shi. Tire na biyu da suwicin ruwa in a saman silin za a dasa. Liƙe bututun iska da danƙon mastik da lulluɓe su da soson tare zafi mai lamba R-8, domin bututun dawowa mai yoyo a saman silin yana zuƙo laima cikin gida kai tsaye. Kwayil mai fentin kariya in gidan yana kusa da teku. Shekarun garantin aiki daban da na kaya.

Ranar dasawa, a auna a rubuta maka abu uku: matsin gas, wanda yawanci inci 3.5 ne a ma'aunin matsi na ginshiƙin ruwa ga gas ɗin bututu, kusan inci 10 ga furofen. Matsin iska cikin bututu, wanda yawancin injuna aka kera su don rabin inci. Da bambancin zafi tsakanin iskar da ke shiga da wadda ke fita, wanda dole ya faɗa cikin iyakar da ke rubuce a farantin jikin injin. Ka ajiye takardar tare da ta garanti, domin da waɗannan lambobi mai gyara na gaba zai kwatanta nasa.